NAZARI: Doka ta ware wa motar naƙasasshe wurin tsayawa, ta manta da mai keken guragu a Ƙaraye da Rogo

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye a yammacin jihar Kano ya san yadda bakin kasuwa ke kasancewa da hantsi. Motocin hatsi sun ja layi a gefen titi, 'yan acaɓa sun yi cincirindo a ƙofa, masu baro da amalanke na neman hanya, 'yan kamasho na kiran fasinja. Wurin da ya fi kusa da rumfuna na wanda ya riga zuwa ne, ko na wanda ya fi ƙarfin murya. A cikin wannan turmutsutsu ne mutumin da shan-inna ta shanye wa ƙafafu zai iso a kan kekensa na hannu, ko a babur ɗin da mai walda ya ƙara wa ƙafa. Idan ya samu wuri kusa da ƙofa, ya ci kasuwa kamar kowa. Idan aka tura shi can bayan motocin hatsi, sauran tafiyar da rarrafe zai ƙarasa ta, cikin ƙura ko taɓo, a tsakanin ƙafafun mutane da tayoyin motoci.

Tazarar da ake magana a kai ba ta wuce taku ɗari ko ɗari biyu ba, kuma mai lafiyar ƙafa ba ya ma lura ya yi ta. A wurin gurgu kuwa, ita ce ke yanke hukuncin ko zai kasa kayansa da kansa ko sai ya aiki yaro, ko zai shiga wurin likita da tufafinsa tsaf ko sai an ciccibe shi. Najeriya na da doka a kan wannan tazara. An rubuta ta, an sa mata hannu, an yanka tara ga wanda ya karya ta. Sai dai waɗanda suka tsara ta mota suka hango, da shimfiɗaɗɗen filin ajiye motoci irin na Abuja, alhali galibin masu lalurar ƙafa a Ƙaraye da Rogo ba a motar kansu suke zirga-zirga ba.

Abin da doka ta tanada

A ranar 23 ga Janairun 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haramta Nuna Wariya ga Naƙasassu ta 2018, bayan ƙudirin ya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin Majalisar Tarayya da fadar shugaban ƙasa. Dokar ta ce a duk filin ajiye motoci na jama'a wajibi ne a ware wuraren da suka dace, a yi musu alama, a bar su ga naƙasassu. Wanda ke iko da filin, idan ya ƙi warewa, tarar naira 1,000 ce a kansa a kowace rana. Mai lafiyar da ya ajiye motarsa a wurin zai biya naira 5,000, haka ma wanda ya tare wurin da gangan. Idan mai lafiya ne ke tuƙi amma yana ɗauke da naƙasasshe, babu laifi a kansa.

Dokar ba ta tsaya nan ba. Ta ce direba ya tabbatar mota ta tsaya cak kafin naƙasasshe ya shiga ko ya sauka, kuma sauran fasinjoji su dakata masa ya fara shiga. Ta bai wa gine-ginen jama'a da ababen hawa wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta kuma kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020 ƙarƙashin James Lalu, kuma tun 2024 Ayuba Gufwan ke jagorantarta, wanda shi kansa shan-inna ta taɓa shi yana yaro.

Sai dai akwai sharaɗi guda da ke riƙe da wannan haƙƙi gaba ɗaya. Kafin naƙasasshe ya cancanci wurin da aka ware, sai motarsa ta kasance tana ɗauke da alamar shaida. Bayar da wannan alama na cikin ayyukan da dokar ta ɗora wa hukumar da hedikwatarta ke Abuja. Ke nan haƙƙin na buƙatar abu uku su haɗu a lokaci guda: fili mai alama, mota, da shaidar hukuma a jikin motar. Idan ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Ga mai keken hannu a Zarewa ko Yammedi, na biyun ma bai samu ba, balle na uku.

Lauyoyi sun daɗe suna muhawara kan ko dokar tarayya irin wannan na aiki kai tsaye a jihohi, ko sai kowace jiha ta yi tata. A Kano wannan muhawara ba ta zama mafaka ga kowa ba, domin tun a ƙarshen 2018 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar naƙasassu ta jihar. Haka kuma Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci birane da karkara a tare wajen sauƙaƙa shiga wurare da sufuri.

Su wane ne ake magana a kai

Ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ta ba Ƙaraye mutum sama da 140,000, ta ba Rogo sama da 220,000. Yau adadin ya haura haka nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Ba dukkansu ne masu lalurar ƙafa ba, amma ko wani yanki kaɗan aka ɗauka daga wannan kaso, a ƙananan hukumomi biyu masu wannan yawa maganar dubban mutane ake yi.

Kano kuma na da nata tarihin da ya ƙara nauyin lamarin. A 2003 gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin gurɓata maganin, zargin da ya samu gindin zama a zukatan jama'a saboda abin da ya faru a gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996. Ba a dawo da rigakafin ba sai a Yulin 2004, kuma cutar ta yi ta kama yara a shekarun da suka biyo baya. Yaro na ƙarshe da aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar, a ƙaramar hukumar Sumaila ne a Yulin 2014. A Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita, aka yi shagali, aka raba lambobin yabo.

Yaran da cutar ta kama a waɗancan shekaru ba su tafi tare da ita ba. Yanzu samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da ɗoriya, sa'o'in masu karanta wannan shafi. Wasunsu teloli ne, wasu masu gyaran waya, wasu na sayar da kati ko man fetur a galan, wasu ɗalibai. A ƙara da waɗanda haɗarin babur ya karya wa baya, da waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa, da dattawan da ɓarin jikinsu ya shanye. Jihar da ta haramta bara a titi tun 2013 ta riga ta faɗa wa waɗannan mutane su nemi na kansu. Adalci shi ne ta tabbatar za su iya isa inda ake neman.

Abin hawan da doka ba ta gani ba

Mai lalurar ƙafa a wannan yanki yana motsawa ta ɗaya daga cikin hanyoyi kaɗan. Akwai keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar waɗanda shan-inna ta taɓa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta yi suna wajen ƙerawa a birnin Kano. Akwai babur da aka kai wa mai walda ya ƙara masa ƙafa a baya, ya mayar da giya da birki hannu. Akwai wanda ake goyawa a acaɓa, da wanda ke shiga motar haya ko A Daidaita Sahu da kekensa a ɗaure a sama. Mai motar kansa da aka gyara wa birki da totur zuwa hannu yana nan, amma shi ne mafi ƙaranci.

Tsarin tuƙi na ƙasa bai rufe wa naƙasasshe ƙofa ba. A cikin azuzuwan lasisin tuƙi akwai rukunin J, wanda aka keɓe wa masu naƙasar jiki. Amma hanyar samun lasisi doguwa ce: makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, gwaji a gaban jami'in duba lafiyar ababen hawa, biyan kuɗi ta hukumar tara haraji ta jiha, sannan ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC. Daga nan a ba shi na wucin gadi na kwana 60, ya sake dawowa karɓar na dindindin. Kowane mataki tafiya ce, kowace tafiya kuɗin mota ce, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin motar ya ninka. A Yunin 2025 aka ƙara farashin lasisi da lamba a faɗin ƙasar, inda lambar babur ta kai naira 12,000. Ga mutumin Fulatan ko Ruwan Bago, a ƙaramar hukumar da ke kan iyakar Kano da Kaduna da Katsina, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai na iya cinye ribar mako.

Sakamakon haka a bayyane yake. Babur ɗin da aka gyara yakan kasance babu wata takarda da ta nuna hukuma ta san da gyaran, babu wanda ya duba ko waldar za ta iya riƙe nauyi, babu wanda ya gwada birkin hannun. Mai shi kuma, idan ya doshi birni ganin likita ko sarin kaya, yana shiga ƙasar da aka taƙaita zirga-zirgar babura tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Ado Bayero. Jami'in da ya tsayar da shi zai iya duba halin da yake ciki ya ɗaga masa ƙafa, kuma da yawa suna yin hakan. Amma wanda tausayi ne kaɗai madogararsa ba ya iya shirya tafiya da tabbaci, domin bai san wa zai tarar a kan hanya ba. Shaidar da kowane jami'i ya sani, daga ɗan KAROTA zuwa ɗan sanda, za ta sauƙaƙa wa jami'in aikinsa kamar yadda za ta kare mai babur ɗin.

Lamba a jikin mota ko kati a hannun mutum

Ƙasashen da suka riga mu fuskantar wannan batu sun bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce lambar mota ta musamman mai ɗauke da hoton keken guragu, alamar nan da wata ɗaliba 'yar ƙasar Denmak, Susanne Koefoed, ta zana a 1968, kuma duniya ta karɓa. Ta biyu ita ce kati da ake ratayawa ko ajiyewa a gaban gilashi. A Amurka jihohi na bayar da duka biyun, kuma ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta 1990 sun ce a ƙaramin fili, a kowane wuri 25 a ware ɗaya, da sarari a gefensa domin a iya buɗe ƙofa sosai a sauke keke.

Birtaniya ta zaɓi kati. Ta fara da mai ruwan lemo a 1971, ta sauya zuwa shuɗi a 2000. Abubuwa biyu a tsarinta sun cancanci mutumin Ƙaraye ya duba. Na farko, katin na mutum ne, ba na mota ba, don haka yana aiki a duk abin hawan da ya ɗauko shi, ko shi ke tuƙi ko fasinja ne. Na biyu, ƙaramar hukuma ce ke bayar da shi, yawanci na shekara uku, kuma wanda ya yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba na iya biyan tarar da ta kai fam 1,000.

Indiya ta fi kama da mu wajen irin ababen hawan. A can babur mai ƙarin ƙafafu a gefe abu ne da aka saba gani, kuma dokar ababen hawa ta ƙasar ta ba shi rukuninsa na rajista. A gyaran da aka yi wa dokar a 2019 an sauya tsohon sunan rukunin mai ƙasƙanci, aka koma kiransa abin hawan da aka daidaita wa mai shi. Da wannan rajista mai babur ke samun lasisi da inshora kamar kowa.

Idan aka auna hanyoyin biyu da ma'aunin Ƙaraye da Rogo, lambar musamman ba ta isa ba. Lamba na manne da ƙarfe. Ƙanin mai motar zai ɗauke ta ya je ɗaurin aure ya ci gajiyarta, wanda ya saye ta hannu zai gaje ta, ita kuwa matar da ke hawan acaɓa zuwa awon ciki da sandunanta biyu ba za ta taɓa amfana ba. Lambar na da nata gurbin, wato yi wa babur ɗin da aka gyara rajista domin a san shi, a duba lafiyarsa, a iya bin sawunsa idan an sace. Amma haƙƙin tsayawa kusa da ƙofa ya kamata ya bi mutum, ya shiga aljihunsa, ya yi aiki a keken hannu da acaɓa da motar haya.

Wuƙa da nama na hannun ƙaramar hukuma

Mutane da yawa na ɗaukar batun naƙasassu a matsayin aikin Abuja ko na gidan gwamnatin Kano. Kundin tsarin mulki na 1999 ya faɗi wani abu daban game da filayen da ake magana a kansu. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota, kula da su da tsara yadda suke gudana. Ya kuma ba su ikon yi wa kekuna, baro da amalanke lasisi. Dokar haraji ta 1998 ta lissafa kuɗin tasha da tarar ajiye abin hawa ba daidai ba a cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Ke nan a kasuwa da tasha, wanda dokar naƙasassu ta kira mai iko da fili, mafi kusa shi ne majalisar ƙaramar hukuma. Hukumar da ke da ikon yankar rasit a bakin kasuwa tana da ikon cewa wannan gefen na guragu ne.

Tsohon uzurin shi ne rashin kuɗi, tunda gwamnoni ke riƙe da asusun haɗin gwiwa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma har yanzu ana ja-in-ja kan aiwatar da shi. Amma wannan aiki ba ya jiran sakamakon wancan rikici. Abin da yake buƙata shi ne allo, fenti, tipar tsakuwa ko ɗan daɓen siminti domin taya kada ta nutse da damina, da murfi a kan kwata inda keke zai haura. Shugabannin da aka zaɓa a zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Oktoban 2024 na iya yin wannan daga kuɗin shigar kasuwar kanta.

Ƙaraye da Rogo na da wata dama da wasu yankuna ba su da ita. Mazaɓar tarayya ɗaya suke, ɗan majalisar wakilai guda ke wakiltarsu. Tun Yulin 2024, masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu ne daidai. Shugabannin ƙananan hukumomi biyu, 'yan majalisar jiha biyu, ɗan majalisar tarayya ɗaya da sarki ɗaya: mutum shida ke nan da ɗaki guda zai ɗauke su. Idan suka amince da kati iri ɗaya, zai yi aiki daga Kwanyawa har Zoza. A yankin kuma akwai sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Kusalla, cibiyar da ke karɓar matasa daga kowace jiha, har da masu naƙasa, inda babu wata muhawara kan ko dokar tarayya ta shafi wurin.

Tsarin tantancewa ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarautar Sarkin Guragu, kamar ta Sarkin Makafi, ta daɗe, kuma masu riƙe da ita sun san mutanensu gida-gida. Idan aka haɗa su da masu unguwanni, da reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD, da ma'aikacin lafiya da zai tabbatar da lalurar, za a iya yin rajista mazaɓa-mazaɓa ba tare da kowa ya bar garinsu ba. Kati mai hoto da lamba da ranar ƙarewa, tare da sitika da za a manna a keke ko babur, sai dokar ƙaramar hukuma da kansiloli za su zartar ta ba shi ƙarfi. Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyar direbobi su ne za su tsare wurin a zahiri, don haka da su za a fara zama. Hukumar ta Abuja kuma a nemi ta amince da katin a matsayin alamar da dokarta ta ambata, domin ya yi aiki idan mai shi ya shiga birni.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce mutane na fama da tsadar abinci da taki, maganar wurin ajiye keke ta masu ƙoshi ce. Wannan hujja ta juya lamarin ne. Mai lafiya idan kasuwar nan ta cushe zai taka zuwa waccan. Gurgun da ba zai iya kai kekensa bakin rumfa ba ya rasa cinikin ranar, kuma wanda ya rasa ciniki sau da yawa ƙarshensa roƙo, abin da gwamnati ta haramta. Buhun shinkafar da ake raba wa naƙasassu a gaban kyamara da azumi yana ƙarewa cikin makonni. Wurin tsayawa a ƙofar kasuwa yana nan kowane mako.

Za a ce katin zai koma hannun 'yan siyasa da yaransu, kamar yadda tallafi da yawa ke komawa. Wannan fargaba gaskiya ce, kuma ko a Birtaniya ana kama masu amfani da katin 'yan uwansu. Maganinta hoto a jikin kati, wa'adin ƙarewa, da manna sunayen waɗanda aka bai wa a inda jama'ar mazaɓa za su gani. A ƙauye ma abin ya fi sauƙi, domin kowa ya san kowa, kuma ƙato mai lafiya da ya fito da katin gurgu a bakin kasuwar garinsu kunya za ta riga tara kama shi. Abin da za a kiyaye shi ne kada ido kaɗai ya zama alƙali, domin mai ciwon zuciya ko sikila na iya kasa doguwar tafiya alhali yana tsaye da ƙafafunsa. Ingila ta shigar da irin waɗannan lalurori da ba a gani cikin tsarinta a 2019.

Za a kuma ce al'adarmu ta riga ta wadatar, Bahaushe ba ya ganin gurgu ya ƙi matsa masa. Akwai gaskiya a nan, kuma da wannan hali mutane da yawa ke rayuwa. Amma direban da ya faka motar hatsi a ƙofa tun asuba bai ga gurgun ba, domin gurgun bai iso ba tukuna. Allo da fenti na yin aikin tausayi a lokacin da mai tausayin ba ya wurin.

Akwai rauni guda a dokar tarayyar da ya kamata ɗan majalisar yankin ya ɗauka. Tarar naira 1,000 a rana, wadda aka yanka kafin faɗuwar darajar naira, a 2025 ta kasance kusan kuɗin litar fetur, kuma babu mai filin da za ta tsorata. Gyaran da zai ɗaga tarar, ya kuma faɗaɗa kalmar mota ta haɗa da keken hannu da babur da aka gyara, gajeren ƙudiri ne da ba ya cin kasafin kuɗi.

Tambayoyin da za a iya kaiwa sakateriya

Matasan da ke bibiyar siyasar yankin na da makami a hannu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuto mata, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi. Wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa sakateriyar Ƙaraye ko ta Rogo na iya tambayar yawan masu lalurar ƙafa da ke cikin rajistar ƙaramar hukumar, da nawa aka tara daga kasuwanni da tashoshi a bara, da wurare nawa aka ware wa naƙasassu tun bayan cikar wa'adin Janairun 2024. Wata wasiƙar zuwa FRSC na iya tambayar lasisin rukunin J nawa aka bayar a jihar Kano, da ko tawagar ɗaukar hoto za ta iya zuwa yankin ko da sau biyu a shekara. Kowace amsa labari ce, shiru ma labari ne.

Wanda ba ya son rubuta wasiƙa yana da waya mai kyamara. Ranar kasuwa mai zuwa ya tsaya a ƙofa, ya ga inda masu keken hannu ke ajiye kekunansu, ya ƙirga takun da ke tsakanin wurin da rumfar farko. Ya yi haka a asibiti, a tasha, a masallacin Juma'a, a makarantar da ake kafa akwatin zaɓe, tare da neman izinin duk wanda zai ɗauki hotonsa. Kafin zaɓen 2027 'yan takara za su zo da kekunan guragu sababbi a bayan mota, su jera su a fili, a ɗauki hoto. Duk wanda ya karɓi lasifika a wurin ya tambayi ɗan takarar inda mai keken zai ajiye shi idan ya isa kasuwa, da ranar da za a kafa allon.